Layin Ƙarshe A Takardar Neman Aiki

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan 'ya'yanmu masu neman aiki.

Kowace shekara, da zarar an gama karyar masara, samarinmu da 'yan matanmu waɗanda suka gama makaranta su kan shiga yawon neman aiki. Da ya ke mu malaman gona kullum muna kan hanya daga wannan ƙauye zuwa wancan, kuma an san mun taɓa zama a kwalejin horon malamai, sai su riƙa tare mu bayan taron ƙungiya, ko kuwa ran Lahadi bayan an fito daga sujada, su ce, "Malam, a duba mini takardata." Watau takardar nan ta tarihin mai neman aiki, wadda yaran yanzu su ke kira Si-Bi. Mun duba irinta a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada, har can Doguwa, kuma akwai layi guda da ya ke damunmu a kusan dukansu.

Shi ne layin ƙarshe, inda a ke so mutum ya faɗi abin da ya ke sha'awar yi sa'ad da ya sami sarari. Kusan kowa abu uku ya ke rubutawa: karatu, da tafiye-tafiye, da saduwa da mutane. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Mai shagon kwamfuta yana da takarda guda a ajiye. In yaro ya zo, sai ya sake suna da ranar haihuwa da sunan makaranta, ya buga masa, ya karɓi kuɗinsa.

A bara wani saurayi daga wani ƙauye na ƙasar Kiru ya kawo mana tasa. Yana neman aiki wurin wani ɗan kwangila mai kafa injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana. Muka ga ya rubuta tafiye-tafiye, muka tambaye shi ina da ina ya taɓa zuwa. Ya ce Kwanar Dangora ran kasuwa, sai Kano sau biyu. Bayan kwana kaɗan muka je duba gonar mahaifinsa, muka shiga gidan domin mu sha ruwa. A bayan rumbu muka tarar da wani ɗan injin sussukar masara wanda yaron nan ya harhaɗa da sarƙar tsohon keke da feda da guntun durom. Kusa da shi ga motocin langa-langa da ya ƙera wa ƙannensa, sitiyarinsu yana juyawa, fitilunsu suna kamawa da batirin tocila. Muka ce masa, "Kai, don me ba ka sa wannan a takardarka ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ai Malam, wannan wasa ne." Ashe rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ra'ayinmu shi ne, abin nan da ya kira wasa ya fi duk abin da mai shago ya buga masa daraja. Yaron da ke neman aikin injin ko na ƙarfe ko na wuta, ya kamata ya rubuta ainihin abin da hannunsa ya ke ƙerawa don jin daɗi, muddin ya zaɓe shi da hankali, ya faɗe shi a taƙaice, kuma yana da shaidar da zai nuna.

Ayyukan da ke ƙofar gidanmu

Ƙasarmu ta daɗe da sanin injiniyoyi. An gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ya ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Magudanan ruwan nan da ƙofofinsu na ƙarfe suna bukatar birkiloli da masu walda da masu awon ƙasa da makanikai. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo tsakanin Kaduna da Kano. A Riruwai, cikin duwatsun Doguwa, an daɗe ana haƙar kuza. Ban da waɗannan manya, ga ƙananan ayyuka na kullum: tarakta da ta tsaya cik a tsakiyar huɗa, injin casar shinkafa, injin niƙa, rijiyar burtsatse, faifan sola a kan rufin asibiti, da wayoyin da ke aljihun kowa.

Amma mun sha gani, in babban aiki ya zo, ɗan kwangila ya kan taho da gwanayensa daga nesa, namu yaran kuma a miƙa musu shebur da kwanon sarki. Lebura ana sallamarsa ran da aka gama haƙa. Wanda aka ɗauka a matsayin mai koyon walda ko mataimakin makanike, shi ne ya kan bi kamfanin zuwa aiki na gaba, ko ya dawo gida da sana'a a hannu. Takardar nan guda tana cikin abubuwan da ke raba waɗannan biyu.

Abin da mai ɗaukar ma'aikata ya ke nema

Bari mu sa kanmu a kujerar mai gareji ko heluman kamfani. Ga takardu tuli a gabansa, kusan dukansu da satifiket iri ɗaya. Satifiket ya nuna yaro ya zauna a aji ya ci jarrabawa. Amma akwai abu huɗu da mutumin nan ya ke so ya sani, waɗanda ba su kan fito a satifiket ba. Ko yaron ya iya awo? Yana da haƙurin aiki mai ƙanƙanta? Ya kan gama abin da ya fara? In abu ya lalace, ya iya bin sawunsa har ya gano inda cutar ta ke? "Karatu, tafiye-tafiye da saduwa da mutane" ba su amsa ko ɗaya daga ciki ba.

Yanzu mu dubi abin da 'ya'yanmu su ke yi da yamma a gindin bishiya. Wanda ya ke sassaƙa ƙota ko kujera ya san yadda a ke daidaita gefe da gefe, ya san kuma kula da kayan aiki, gama gizago marar kaifi ba ya sassaƙa. Mai ɗinkin hula yana ƙidaya zare, yana bin zane, ya kan yi makonni a kan hula guda, kuma in ya yi kuskure ɗaya sai ya warware ya sake. Irin wannan ido da irin wannan haƙuri a ke bukata wajen haɗa wayoyin wuta da gyaran wayar hannu. Yarinyar da ke saƙa faifai mai ado ko kwarashi, lissafi ta ke yi a ka, wadda kuma ta iya kwance keken ɗinki ta share ta mayar, ta riga ta san aikin sukudireba. Mai zane ba zai sha wuyar karanta taswirar gini ba. Wanda ya haɗa gurmi ko molo da hannunsa har ya daidaita tsirkiya, yana da kunnen da makanike ya ke sauraron injin da shi.

Wannan ba zato mu ke yi ba. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, tun yana yaro ya ke zana motoci don sha'awa. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, a 1990 ya tafi birnin Ditiroyit na Amurka ya shiga makarantar koyon tsara motoci, irin makarantar da ba ta karɓar ɗalibi sai ta ga zane-zanensa. A 1994 kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki, kuma shi ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt wadda aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar tsara motoci ta Nijeriya. Haka nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20. A gida ta koyi ginin tukwane. Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanenta a fadar Sarkin Abuja, garin da yanzu a ke kira Suleja, kuma a 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga makarantar ginin tukwane da ya kafa a can, inda a ke aiki da injin juya yumɓu da tanderu mai tsananin zafi. Dukansu biyu aikin hannunsu ne ya fara yi musu magana.

Yadda za a rubuta shi

Ga shawarwari biyar da mu kan ba duk wanda ya kawo mana takardarsa. Ko da daga baya za a juya ta da Turanci, a fara tsara ta haka.

Na fari, a rubuta gaskiya. Kada wanda ya taɓa riƙe wa wansa sifana ya ce shi mai gyaran babur ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a aikin hannu ya fi ƙurewa da wuri, gama ana iya miƙo maka kayan aiki nan take a ce bismilla.

Na biyu, a zaɓi abin da ya yi kusa da aikin da a ke nema, kada ya wuce biyu ko uku. Mai neman aikin walda ya ambaci ƙera motocin langa-langa da murhun gawayi. Mai neman aikin awon ƙasa ya ambaci zane. In ka iya rawa da dambe da kiwon tantabara, madalla, amma ka bar su sai an tambaya. Takardar da ta cika da abubuwan sha'awa ta kan sa mai karatu ya yi tunanin yaron ba zai zauna wuri guda ba.

Na uku, kada a tsaya ga suna kawai. A faɗi abin da aka yi, da me aka yi shi, guda nawa, tun yaushe, wa kuma ya amfana. Maimakon "ƙere-ƙere", a ce: "Na haɗa injin sussukar masara da kayan tsohon keke, gidaje uku suna amfani da shi." Maimakon "ɗinki", a ce: "Ɗinkin hula, shekara huɗu, ni na ke zana adon da kaina." Maimakon "zane", a ce: "Na zana taswirar gonakin ƙungiyarmu da awon kowace gona." Layi ɗaya ko biyu sun isa.

Na huɗu, a sa kowane abu a mazauninsa. Makaranta da satifiket su ne a sama, sai ayyukan da aka taɓa yi. Abin sha'awa yana ƙasa. Amma in abin ya kai ga ana biyanka, ko kuwa wata ƙungiya ta dogara da kai a kansa, to ya tashi daga wasa, sai a hau da shi cikin jerin ayyukan da ka taɓa yi.

Na biyar, a tanadi shaida, gama gani ya kori ji. A ɗauki hoto mai kyau da waya, da rana, abin kuma yana cikin aiki. In ƙarami ne a sa shi a jaka ran intabiyu, amma kada a fito da shi sai an tambaya. A kuma shirya bayyana inda abin ya fara ƙi, da yadda aka gyara shi. Gwani ya fi son jin wannan, domin daga nan ya ke gane yadda kan yaro ya ke aiki.

Abin da masu ja da mu su ke cewa

Mun kawo wannan zance a taron ƙungiyoyi, ba kowa ne ya yarda ba, kuma ya kamata mu faɗi hujjojinsu.

Waɗansu dattawa suka ce, "Malam, aikin zamanin nan sai da hanya. Wa zai karanta layin ƙarshe?" Akwai gaskiya a ciki, ba za mu musa ba. Amma wanda ba shi da kowa a sama, takardarsa ita ce kaɗai mai yi masa magana, saboda haka bai kamata ya zubar da layi ko ɗaya ba. Ban da haka, ɗan kwangila da mai gareji daga aljihunsu su ke biya in yaro ya ƙona famfo ko ya ɓata ƙarfe. Ko sun ɗauki ɗan wane don kunya, tilas su nemi wanda zai yi ainihin aikin.

Samari kuma suka ce za a raina su, a ce 'yan ƙauye ne masu saƙa da sassaƙa. Mai yiwuwa ne wani akawu ya yi murmushi. Amma wanda zai gwada ka a aikin ƙarfe, shi ma da hannu ya ke ci, kuma da wuya a sami gwanin makanike wanda bai yi motar kara ko ta gwangwani yana yaro ba. Abin da ya fi jawo raini shi ne a tambaye ka littafin da ka karanta kwanan nan, tun da ka rubuta karatu, ka tsaya kana susar ƙeya.

Akwai kuma wata damuwa wadda ta shafe mu musamman. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu a majami'a suka sami gwanintarsu: kula da lasifika da janareta, gyaran ganguna, rubuta allon sanarwa, ƙera kayan wasan kwaikwayo na Kirsimati. Waɗansu iyaye su kan ce kada a ambata, don kada a gane addinin yaro a ture takardarsa gefe. Ba mu raina wannan tsoro ba. Shawararmu ita ce, gwanintar a ke saye, ita za a rubuta: "Na kula da lasifika da janareta na zauren taro shekara uku, ni na ke gyara su in sun lalace." Wannan gaskiya ce cikakkiya. In an tambaye shi wane zaure, ya faɗa ba da kunya ba, ba kuwa da gardama ba. Shawarar da za mu ba ɗan maƙwabcinmu Musulmi mai kula da lasifikar masallaci ko mai zayyanar allo ke nan, ba bambanci.

Hujja ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi, mu ma mun yarda da ita. Abin sha'awa ba ya tsayawa a madadin takardar shaida. Ba wanda zai ba ka wayarin asibiti don ka iya ɗinkin hula. Saboda haka wanda ya ga hannunsa yana da baiwa, ya nemi takardar da za ta tsaya mata. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, a kan fara daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ita ke shirya jarrabawar kwalejojin fasaha irin wadda mu ke da ita a Bagauda. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin ba da takardar ƙwarewa har ga wanda ya koyi sana'arsa a gareji ko a maƙera. Satifiket zai kai ka ƙofa. Layin ƙarshe zai sa a tuna da kai bayan ka fita.

Abin da ƙungiyoyinmu za su iya yi

Wannan aiki ba na yaran kaɗai ba ne. Muna roƙon kowace ƙungiya ta yi abu uku.

Magatakarda ya keɓe shafi a littafin ƙungiya, inda za a riƙa rubuta duk aikin hannu da wani yaro ko yarinya suka yi wa ƙungiya, da kwanan wata: wanda ya gyara famfon feshi, wadda ta ɗinke buhuna, wanda ya rubuta allon shagon taki, wanda ya gina murhu mai cin itace kaɗan.

Daga wannan shafi shugaba da magatakarda za su iya rubuta wa yaro wasiƙar shaida, da sa hannu da hatimin ƙungiya. Amma a kiyaye, kada a rubuta abin da ba a gani da ido ba, ko da ɗan shugaba ne. Wasiƙar ƙarya guda ta isa ta zubar da darajar duk waɗanda za su biyo bayanta.

Sa'an nan a taron bayan kaka, inda mu ke nuna manyan zangarniyoyi da kabewa, a ajiye tebur guda domin abin da yara suka ƙera, maza da mata. A ɗauki hotuna a ajiye. In da hali a gayyaci makanike ko mai walda na gari ya duba, ya faɗi inda aka yi daidai da inda aka kasa.

Ga iyaye kuma muna da kalma ɗaya. Mun sha ganin an tattake motar kara, an ce yaro ya tashi ya yi aikin kirki. Hakika ciyawar awaki ba za ta yanko kanta ba, kuma tilas yaro ya yi aikin gida. Amma in ya gama, a bar shi da karansa da gwangwaninsa. In an sami guntun waya ko tsohuwar filaya, a ba shi.

Shi kuwa saurayin nan na ƙasar Kiru, mun zauna da shi a kan benci muka soke layin mai shago, muka rubuta zancen injin sussuka da na motocin langa-langa, layi biyu. Magatakardan ƙungiyarsu ya ba shi wasiƙa. Da ya je intabiyu, ya ce mana yawancin tambayoyin a kan injin nan aka yi su, har aka tambaye shi dalilin da ya sa sarƙar ta ke zamewa da fari, da yadda ya magance ta. Ba a ba shi gurbin da ya nema ba, domin ba shi da takardar gwajin sana'a. Amma an ɗauke shi gwaji na wata uku a matsayin mataimaki, yanzu kuma yana tara kuɗin jarrabawar. Injin yana nan a bayan rumbu, ƙanensa ne ke taka fedar.

Duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke shirin kai takarda, ya ce su kawo ta taron ƙungiya na wata mai zuwa mu duba tare, su kuma riƙo abin da suka ƙera. Allah ya ba mu rani mai albarka. Ku huta lafiya.